Giya da ciwon gaɓɓai: ita ke tayar da shi, ko tsufa ne kawai?

Ɗan Zuru:

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina da tambaya ga likitoci da masana magani da ke nan, kuma don Allah a amsa ta fuskar lafiya, domin hukuncin giya a addini kowa ya san shi.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, shekarunsa 52, mai jiki ne, yana shan maganin hawan jini. Yana shan burukutu kusan kullum da yamma, ranar kasuwa kuma ya ƙara da kwalba biyu ko uku. Sau huɗu ke nan a bana babban yatsan ƙafarsa na dama yana kumbura cikin dare, ya yi zafi kamar an kara wuta, ko zanen rufa ba ya iya taɓa shi. Sai ya kwana bakwai ko goma yana ɗingishi, sannan ya lafa kamar ba a yi ba. Na ƙarshe ya taso ne washegarin wani biki. Idan ya tashi, yaransa sukan karɓo mashi haɗi a kemis, abokansa kuma su kawo mashi jiƙon nan mai ɗaci na ƙaramar kwalba, wai yana korar sanyin ƙashi.

Abin da nake son sani: giyar ce ke tayar da wannan ciwo, ko amosanin tsufa ne da zai zo ko da bai sha ba? Shi yana cewa burukutu abinci ne tunda daga dawa aka yi shi, ta kwalba ce mai illa. Wasu kuma suna cewa ɗan kaɗan yana ɗumama ƙashi lokacin hunturu. Sannan ƙwayoyin da yake sha, suna tafiya tare da giya?

Likita, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, Malam. Matsalar farko ita ce mu Hausawa duk ciwon gaɓa sunansa ɗaya a bakinmu, amosani ko sanyin ƙashi, alhali cututtuka ne daban-daban, kuma giya ba ta taɓa su iri ɗaya. Wanda ka kwatanta, wato babban yatsa, farawa cikin dare, zafin da ba ya son taɓi, lafawa bayan mako ɗaya zuwa biyu, namiji mai ƙiba da hawan jini, ya fi kama da ciwon da likitoci ke kira gawut. Ba a yanke hukunci daga nesa, sai an duba shi. Amma idan shi ne, to a duk cututtukan gaɓɓai babu wanda alaƙarsa da giya ta fito fili kamarsa.

Ga yadda abin yake. Jiki yana samar da wani datti mai suna yurik asid idan ya narkar da sinadarin fiyurin, wanda ke cikin ƙwayoyin halittar jikinmu da kuma wasu abinci. Kusan kashi biyu cikin uku na wannan datti ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari, sauran ta hanji. Idan ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini, jinin ba ya iya riƙe shi a narke, sai ya fara daskarewa ya zama 'yan tsinke masu kaifi kamar allura a cikin gaɓa, tamkar yadda gishiri ke kwantawa a gindin kofi idan ya fi ƙarfin ruwa. Ya fi son wuri mai sanyi, shi ya sa yake zaɓar yatsan ƙafa da idon sawu, kuma shi ya sa yake bugowa da dare. Zafin da kumburin kuwa, sojojin jini ne suka afka wa tsinkayen.

Giya tana shigowa ta ƙofa uku. Ta ɗaya, lokacin da hanta ke sarrafa barasa, jiki yana ƙara samar da yurik asid. Ta biyu, wannan sarrafawar tana haifar da wani tsami a jini wanda ke sa ƙoda ta riƙe yurik asid maimakon ta zubar. Ta uku, giya tana sa yawan fitsari, ruwan jiki ya ragu, jini ya yi kauri. A haɗa da zafin Afrilu da Mayu a nan Kebbi, inda ake haura digiri 40, ga mutum ya wuni a gona yana gumi. Shi ya sa ciwon yakan taso cikin kwana ɗaya bayan an sha da yawa.

Giyar hatsi tana da ƙofa ta huɗu: ita kanta tana ɗauke da fiyurin, daga yis ɗin da aka tsima ta da shi. A nan ne hujjar dattijon ta rushe. Burukutu giyar hatsi ce, kuma kaurin nan da duhun da yake da shi, har da yis a ciki, domin ba a tace shi kamar ta kwalba. Dawar da aka yi tuwo da ita ba ta da laifi, amma da aka tsima ta, ta zama wani abu dabam. Ƙari a kan haka, babu mai iya gaya maka ƙarfin burukutun yau, domin ya danganta da kwanakin da ya yi, kuma ƙwarya ba ma'auni ba ce.

Akwai babban bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2004, inda aka bi maza fiye da 47,000 a Amurka na tsawon shekara 12. An ga cewa kowane gwangwanin giyar hatsi ɗaya da mutum ke ƙarawa a rana yana ɗaga haɗarin kamuwa da gawut da kusan rabi, giya mai ƙarfi irin ta wiski tana ɗagawa amma ƙasa da haka, sannan masu shan giram 50 na barasa zuwa sama a rana haɗarinsu ya ninka na wanda ba ya sha sau biyu da rabi. Giram 50 ba wani abu ne mai nisa ba: babbar kwalbar nan ta santilita 60 mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 tana da kusan giram 24. Kwalba biyu, an kusa kaiwa.

Zancen biki kuma, ruwa ba ya tsami banza. A bikin Uhola na Zuru ko Kirsimeti ko Sallar layya, nama ne ke yawaita, musamman kayan ciki: hanta, ƙoda, zuciya, da romonsu. Suna cikin abincin da suka fi yawan fiyurin. Bayansu sai jan nama da kifin gwangwani irin sadin. Lemon kwalba mai zaƙi ma yana ɗaga yurik asid saboda irin sukarin da ke ciki, don haka wanda ya bar giya ya koma shan lemo kwalba uku a rana, ya guje wa gara ne ya faɗa wa zago. Wake, alayyafo da gyaɗa ba sai an hana shi ba. Nonon da aka cire wa mai, wato tsala, yana ma taimakawa, in dai ba a cika shi da sukari ba.

Ɗumama ƙashi: babu wannan. Barasa tana buɗe jijiyoyin jinin fata, mutum ya ji ɗumi a waje alhali zafin cikin jiki ne ke fita. Raɗaɗin yana dusashewa na 'yan awoyi domin ƙwaƙwalwa ta yi nauyi, gaɓar kuwa tana nan yadda take, ko ta fi.

Amosanin tsufa, wanda guringuntsin gwiwa ke cinyewa a hankali, dabam yake. Ba ya zuwa dare ɗaya, yana ƙaruwa da tafiya da ɗaukar kaya, ya yi sauƙi da hutu. Ba a tabbatar giya tana cinye guringuntsi kai tsaye ba. Illarta a nan ta hanyar ƙiba ce, domin kowane kilo ɗaya da ya ƙaru a jiki, gwiwa tana jin kusan kilo huɗu a kowane taku.

Abin yi: a auna yurik asid, da aikin ƙoda, da suga, da hawan jini. A lura, idan aka auna ana tsakiyar ciwo, sakamakon yana iya fitowa daidai ya ruɗi mutane, don haka a maimaita bayan mako biyu zuwa huɗu da lafawa. Kuma idan gaɓa ta kumbura da zazzaɓi da rawar sanyi, kada a ce ai wancan ciwon ne ya dawo. Ƙwayar cuta tana iya shiga gaɓa ta lalata ta cikin kwanaki kaɗan, kuma hanyar bambancewa ita ce a zuƙo ruwan gaɓar da allura a asibiti a duba. Kada a kai wa wanzami ya yi tsaga ko sakiya a kai.

Mai harhaɗa magunguna, Gusau:

Likita ya gama da cutar, bari in ɗauki ɓangaren ƙwayoyin, domin a ganina abin da zai fi saurin kwantar da wannan bawan Allah ba yatsan ba ne, haɗin kemis ne a kan giya.

Abin da ake ƙullowa a leda a ce haɗin ciwon jiki, galibi za ka tarar da daiklofenak, da ibufurofen ko firoksikam, da farasitamol, sai ƙaramar ƙwaya ta firednisolon ko deksametazon, wani lokaci har da tiramol. Daiklofenak, ibufurofen da firoksikam dangi ɗaya ne, na magungunan kumburi. Haɗa biyu daga cikinsu ba ya ƙara kashe ciwo, illa ce kawai yake ninkawa. Aikinsu shi ne rage sinadarin da ke kawo kumburi, amma shi wannan sinadarin ne kuma ke sa tumbi ya yi majinar da ke kare shi daga tsaminsa, shi ne ke buɗe hanyar jini zuwa ƙoda. Barasa kuma tana ƙona bangon tumbin da kanta. Idan suka haɗu, sai gyambon ciki, sai zubar jini. Alamarsa bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta da mugun wari, ko amai mai duhu kamar daskararren jini, ko jiri idan an miƙe tsaye. Wannan asibiti ne a daren, ba sai gari ya waye ba.

Iyakar daiklofenak miligiram 150 ne a rana ga mai lafiyar ƙoda, kuma na 'yan kwanaki, bayan cin abinci. Firoksikam miligiram 20 sau ɗaya, kuma yana daɗewa a jiki har fiye da kwana biyu, saboda haka wanda ya sha ranar Laraba ya je ya sha giya ranar Alhamis, a cikinsa sun haɗu. Mai shekara 52 da hawan jini, ban ga dalilin ba shi wannan dangin ba kafin a ga awon ƙodarsa, kuma in za a ba shi, a haɗa da omefurazol, mai rage tsamin tumbi, miligiram 20 da safe.

Farasitamol kuma hanta yake taɓawa. Ga babba mai lafiya iyakarsa giram 4 a rana, wato ƙwaya takwas ta miligiram 500. Ga mai shan giya kullum, ana sauko da shi zuwa giram 2, ƙwaya huɗu. Dalili shi ne barasa tana zaburar da hanyar da hanta ke bi ta mayar da farasitamol guba, ta kuma cinye abin da hanta ke kashe gubar da shi. Inda ake faɗawa rami: maganin mura da na ciwon kai da yawa suna da farasitamol a ciki, mutum ya sha kala uku bai san abu ɗaya yake ta maimaitawa ba.

Tiramol da giya duk suna danne numfashi, tiramol kuma yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake sayarwa a ɓoye mai 225, wanda hukumar NDLEA ke kamawa, ba ma na magani ba ne.

Yanzu wani abu da ba a tambaya ba amma yana da muhimmanci: a duba kwalin maganin hawan jininsa. Idan irin mai sa fitsari ne, kamar Moduretic ko Lasix, su ma suna ɗaga yurik asid. Haka ƙaramar asfirin ta miligiram 75. Kada ya daina da kansa, domin shanyewar ɓarin jiki ta fi ciwon yatsa. Ya kai wa likita kwalin. Akwai losatan, wanda ke sauke hawan jini kuma yana ɗan taimaka wa ƙoda ta fitar da yurik asid, ga amlodifin wanda ba ya ɗaga shi.

Sai jiƙon ƙaramar kwalba. A juya kwalbar a karanta bayanta. Da yawa daga cikin masu ɗacin nan ƙarfin barasarsu kashi 30 zuwa 40 ne cikin 100, wato ninki shida zuwa takwas na giyar kwalba. Lissafin mai sauƙi ne: yawan mililita, sau kason barasa, sau 0.8, shi ne giram. Kwalbar mililita 200 mai kashi 30 ta ba da giram 48, daidai da manyan kwalabe biyu. 'Yar leda ta mililita 30 mai kashi 40, kusan giram 10. Ire-iren waɗannan ledoji da ƙananan kwalabe ne NAFDAC ta sanar da hana su a 2024. Wannan ya shafi har waɗanda ba su taɓa kusantar mashaya ba: akwai masu sayen jiƙon ciwon baya ko na basir a tasha, wanda aka jiƙa saiwoyi a cikin ogogoro, wato giya mai ƙarfi da ake dafawa a gida, suna sha safe da yamma da sunan magani. Wanda aka ba jiƙo ya ji yana ƙona maƙogwaro yana ɗumama ƙirji, ya tambayi da me aka jiƙa.

Lokacin da ciwon ya taso, abin da ke aiki shi ne ƙwayar gawut mai suna kolcisin, a sha da wuri, cikin awa 12 zuwa 24 na farko: miligiram 1, bayan awa ɗaya a ƙara rabin miligiram, a tsaya a nan a ranar. Tsohon salon nan na a yi ta sha har sai gudawa ta zo an bar shi, yana da haɗari. Mai matsalar ƙoda ana rage masa, kuma ba a haɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna kilaritromaisin. In kolcisin bai dace ba, likita yana iya ba da firednisolon miligiram 30 na kwana biyar ya tsaya. A ɗaga ƙafar a kan matashi, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 20, a sha ruwa lita biyu zuwa uku a rana in dai babu ciwon zuciya ko ƙoda da aka taƙaita wa mutum ruwa. Ruwan zafi da murza da man zafi suna ƙara hura shi.

Malamar gashin ƙashi, Argungu:

Sannunku da ƙoƙari. Ni kwatangwalo zan ja hankali a kai, domin ita ce giya ke lalatawa ba dawowa.

Kan ƙashin cinya, dunƙulen nan da ke juyawa a cikin kwatangwalo, jijiyoyin jini ƙanana ne ke ciyar da shi, kuma ba su da mataimaka. Shan giya mai yawa na shekaru yana sa kitse ya taru a ɓargo da cikin waɗannan jijiyoyin, hanya ta toshe, ƙashin ya mutu daga ciki, daga baya ya rufta kamar rufin soron da gara ta cinye azararsa. Manyan abubuwan da ke kawo wannan ba tare da karaya ba su ne giya, da ƙwayoyin dangin deksametazon, a ƙasarmu kuma da sikila. To ku duba dattijon nan: giya kullum, ga ƙaramar ƙwayar haɗi. Biyu ke nan cikin uku. Matan da ke shan deksametazon don su yi ƙiba su ma suna kan wannan hanya.

Yakan kama 'yan shekara 30 zuwa 50, sau da yawa ɓangare biyu. Ciwon yana farawa a matsematsi, ba a baya ba, yana saukowa gaban cinya har gwiwa, shi ya sa wasu suke ta ɗaukar hoton gwiwa ba a ga komai. Mutum ya kasa tsugunawa a bayi, ya kasa zaman tahiya ko tanƙwashe ƙafa a tabarma, ɗaga ƙafa ya hau babur ya zama aiki. A farko hoton ƙashi na yau da kullum yana iya fitowa lafiya, sai na'urar MRI ke gani. In an kama da wuri, ana sa sandunan dogarawa, a yi ƙaramin aiki na huda ƙashin don rage matsi. In ya rufta, ƙafa ta gajarce, sai sauya kwatangwalo da ta ƙarfe, aikin da ake yi a manyan asibitoci irin na ƙashi na Dala a Kano, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Maɗori ba shi da abin yi a nan, domin babu abin da ya karye ko ya goce, jan ƙafar ma ƙara ruftawa yake sa wa.

Wani abin da ake kira sanyin ƙashi alhali ba gaɓa ba ce: tafin ƙafa yana zafi kamar an taka barkono, ko yana tsiyayar kiyashi, ƙafa biyu daidai, ya fi tsanani da dare. Jijiyoyin ji ne barasa da ƙarancin bitamin B1 suka taɓa. Ciwon suga ma yana yin haka. Daiklofenak ba ya yi masa komai.

Mai sikila kuwa, ƙishirwar da giya ke jawowa kaɗai ta isa ta tayar masa da ciwon ƙashi.

Jami'in lafiyar muhalli, Anka:

Ranka ya daɗe Likita, ina so in ƙara abu ɗaya da ya shafi yankinmu. Dalma ma tana kawo gawut. Kowa ya tuna 2010, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Yargalma da Bagega. Hankali ya tafi kan yara, kuma daidai ne, amma manyan da suka daka dutsen suka shaƙi ƙurar, dalmar tana kwance a ƙashinsu shekaru da dama, tana fita a hankali tana cin ƙoda. Ƙodar da dalma ta taɓa ba ta iya fitar da yurik asid sosai. Abubuwa uku ne ke tafiya tare: gawut, hawan jini, da raunin ƙoda, sau da yawa a mutumin da bai kai shekarun ciwon ba. In aka ɗora giya a kai, ƙodar ta samu masu danne ta biyu.

Giyar da ake dafawa a tace ta bututu ma tana iya ɗauko dalma, idan an yi amfani da tsohon lagireton mota ko bututun da aka like da dalma. An daɗe da sanin wannan a kudancin Amurka wurin masu dafa giyar ɓoye. Saboda haka duk wanda ya zo da irin wannan ciwo daga Anka, Maru, Bukkuyum, ko wuraren haƙar zinare na wajen Yawuri, a tambaye shi aikinsa, a nemi awon dalma a jini in da hali. Kuma injin da aka niƙa dutse da shi kada a niƙa hatsi, ko na tuwo ne ko na tsimi.

Ɗan Zuru:

Allah ya saka da alheri, na fahimta sosai. Bai taɓa aikin zinare ba, amma kwalin maganinsa na hawan jini za mu duba. Saura biyu. Yaransa suna so su hana shi sha daga gobe gaba ɗaya, su kulle shi a gida in ta kama, hakan ya yi? Sannan wani malamin makaranta a nan ya ce ya karanta cewa Turawa sun gano masu shan giya kaɗan ba su cika kamuwa da amosani ba. Kuma gaskiya dattijon ba ya son gaya wa likita yana sha.

Likita, Birnin Kebbi:

Kada su kulle shi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana sha kullum, musamman idan hannunsa yana rawa da safe har sai ya kurɓa, yankewa dare ɗaya tana iya kashe shi. Ƙwaƙwalwarsa ta saba da abin da ke danne ta, in aka janye kwatsam sai ta zabura. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, rawar jiki, gumi, bugun zuciya, rashin barci. Cikin kwana biyun farko ana iya samun jijjiga. Kwana na biyu zuwa na huɗu shi ne mafi haɗari: ruɗewa, zazzaɓi, ganin ƙwari ko macizai a bango. A nan ne iyali ke cewa iska ce ta buge shi a tafi wajen mai ruƙiya, alhali gado yake buƙata a asibiti, da maganin kwantar da ƙwaƙwalwa mai suna dayazifam da ake rage masa a hankali, da allurar bitamin B1 kafin a ɗaura masa ruwan suga. Babban asibiti yana iya wannan, in abin ya yi nauyi akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato. Wanda yake sha jefi-jefi, ba kullum ba, shi yana iya dainawa yau ba fargaba.

Maganar malamin makarantar tana da tushe, amma wata cuta ce dabam: amosanin da garkuwar jiki ke afka wa gaɓɓai, wanda ya fi kama mata, yana kumbura yatsun hannu biyu daidai, da sandarewar safe fiye da awa ɗaya. An yi binciken da ya nuna haka, sai dai irin binciken kallo ne, ba gwaji ba, kuma yana da rami: mutane da yawa suna barin giya ne saboda sun fara rashin lafiya, sai a lissafa su cikin marasa sha, ɓangaren ya fito kamar ya fi ciwo. Babu likitan da ke rubuta giya a matsayin magani, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa babu adadin barasar da za a ce ba shi da illa. Ƙari kuma, babban maganin wancan amosanin, metotireksat, hanta yake bi. Sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, da folik asid a wata rana dabam, kuma kafin a fara sai an auna ciwon hanta nau'in B da C, wanda ba baƙo ba ne a Arewa. Hanta mai ɗauke da B, ga metotireksat, ga giya, ƙarshenta ƙanƙancewa.

Batun ɓoyewa, na san tun da aka fara aiki da shari'a a Zamfara a shekarar 2000, Kebbi ta biyo baya, mutane suna jin nauyin faɗa, har waɗanda ba Musulmi ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita ba Hisba ba ne, abin da aka faɗa a ɗakin duba marar lafiya amana ce, kuma adadin farasitamol, da zaɓin maganin kumburi, da shirin dainawa duk sun rataya a kan wannan amsar. In yana jin kunyar yaransa, su fita su bar shi da likitan. Ya faɗi me yake sha, nawa, kwana nawa a mako, da lokacin da ya sha na ƙarshe.

Abu na ƙarshe, kada a yi masa alkawarin cewa barin giya kaɗai zai warkar da shi. Gyaran ci da sha yakan sauke yurik asid da kusan miligiram 1 ne, kuma yawancin masu gawut ƙodarsu ce tun asali ba ta fitar da shi da kyau. Wanda ciwon ya buge sau biyu ko fiye a shekara, ko ya fara fitar da ƙulluttai masu fari a gwiwar hannu ko gefen kunne, ko yana da tsakuwar ƙoda, yana buƙatar alofurinol, maganin da ke rage yurik asid a jini. Ana farawa da miligiram 100 a rana, 50 in ƙoda ta yi rauni, a ƙara bayan kowane mako biyu zuwa huɗu ana aunawa, har yurik asid ya sauko ƙasa da 6, ko 360 in takardar da maikromol aka rubuta. A watannin farko ciwon yana iya tasowa domin tsofaffin tsinkayen suna narkewa, a nan ne mutane ke jefar da maganin su ce bai karɓe su ba. Shi ya sa ake haɗa shi da kolcisin rabin miligiram a rana na wata uku zuwa shida, kuma in ciwo ya taso ana kan alofurinol, ba a dakatar da shi. Abu ɗaya ne ke sa a tsaya nan take: ƙuraje a fata, ko gyambo a baki da ido, ko zazzaɓi a makonnin farko. In an ga haka kada ya ƙara ko ƙwaya ɗaya, a kawo shi da kwalin a hannu.